Hannun Kaka da 'Yar Jabo

Abin da na fara gani da na shiga gidan Kaka a Kebbe shi ne kaskon ruwan kyanwa a kife. Tun da na yi wayo ban taɓa ganinsa a bushe ba. Yana nan gindin randa, kuma Kaka ba ta shan ruwan safe sai ta zuba a cikinsa. Ranar nan kuwa har tururuwa ta yi hanya ta kansa. Na tsaya da jakata a hannu, na manta ban yi sallama ba.

Ranar Asabar ce, farkon hutun bazara. Ina aji uku a ƙaramar sakandare a Tambuwal, inda Baba yake koyarwa a firamare, kuma duk hutu wurin Kaka nake yinsa, mahaifiyar Innata. Na rubuta abin da ya biyo baya ne don masu kyanwa a gida su sani, domin an yi kurakurai a jinyar nan, kuma babba daga cikinsu nawa ne.

Na tarar da ita a tabarma, hannun dama naɗe da tsumma, yana warin man shanu da ƙauri. Ta dube ni ta ce, "Kyanwar Lami ta iso, ba cizo ba yakushi. Zo ki ga aikin 'yar'uwarki."

Haka take kirana saboda rashin maganata. 'Yar'uwar tawa kuwa ita ce 'Yar Jabo, mussar gidan. Kaka ta sha ba ni labari cewa ranar da aka kawo ta daga Jabo, uwarta ta sa mata 'yar mussa cikin kaya, ta ce gidan da ke da hatsi ba ya rasa ɓera. Duk kyanwar da aka yi a gidan tun daga nan jikar waccan ce, kuma duk sunansu ɗaya. Wannan mai ruwan toka ce da ratsi-ratsi, kunnen hagu a yage, ƙafar gaba guda fara kamar ta taka fura.

Abin da ya faru shi ne, ranar Alhamis da safe Kaka ta zura hannu ƙarƙashin rumbu, inda kazarta take yin ƙwai. Sai 'Yar Jabo ta cafke mata manuniya. Huda huɗu ne ƙanana, ko jinin kirki bai fito ba. Kawu Sani, ƙanen Inna, wanda yake zaune a sashen gaba, ya ce mussar da ta shekara bakwai a gida sannan ta ciji mai ita, wani abu ya shige ta. A wajenmu ba a kashe kyanwa, ana tsoron alhakinta. Abin da ake yi shi ne a sa ta a buhu a kai ta nesa. Shi ya sa ranar Juma'a bayan masallaci ya ɗaure ta a babur ya ƙetare gulbi da ita, tun da an ce kyanwa ba ta bin ruwa. Kafin nan ya yanki gashin wutsiyarta, aka ƙona, aka kwaɓa da man shanu aka shafa a ciwon, kamar yadda ake yi wa cizon kare. Ba wanda ya wanke wurin da sabulu.

Bayan la'asar ina sharar tsakar gida sai na ji wani ɗan sauti, kamar kukan ƙyauren da bai sha mai ba. Na kwanta rub-da-ciki na leƙa ƙarƙashin rumbun. Can bayan akurkin ƙwai, a kan wani tsohon ɗankwalin Kaka, 'ya'yan kyanwa ne uku, sun cure wuri ɗaya. Idanunsu ba su daɗe da buɗewa ba, shuɗi-shuɗi. Kaka ba ta ji sosai, shi ya sa ba ta san da su ba.

Nan take na gane dalilin cizon. Amma da na ɗaga kai, buhun yana nan ɗaure a bayan babur ɗin Kawu, na ji tsoron su ma a sa su ciki. Na kwashe su a kwalin sabulu, na ɓoye bayan itacen girki, na tatso akuya ina ɗiga musu da bakin tsumma. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar Lahadi hannun ya kumbura har zoben azurfar da ke yatsar tsakiya ya nutse cikin nama. Mai kemis ya zo ya yi allura. Masu dubiya kowa da nasa: a jiƙa kanwa, a ɗaura lalle, a kira wanzami ya yi sakiya. Kaka tana amsa wa kowa da to. Ranar Litinin da asuba ina zuba mata ruwan alwala na ga wani jan layi ya taso daga wuyan hannu ya nufi gwiwar hannu. Na ɗauki birona na yi ɗigo inda ya tsaya. Kafin rana ta ɗaga ya wuce ɗigon da faɗin yatsa biyu, jikinta kuma ya yi zafi tana rawar ɗari cikin wannan bazara. Na ja rigar Kawu na nuna masa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ko karin kumallo bai tsaya yi ba, ya fita neman mota.

Mun biya ta gidanmu a Tambuwal mun ɗauki Inna. A nan na zame na ajiye kwalin, wanda na ɓoyo cikin kayana, bayan ɗakin girki.

A asibiti mun yi layin kati tun hantsi har aka kira azahar. Benci ya cika, Kaka ta kwanta a siminti ta sa kai a cinyar Inna. Wata mata mai goyo da ke gabanmu ta kalli hannun, ta ce mu shiga kafin ita. Ban san sunanta ba, Allah ya raya mata.

Likitar mace ce. Sai da aka datse zoben sannan ta duba. Abin da ta faɗa ya zauna mini har yau: haƙorin kyanwa kamar allura yake, yana kai datti can ciki, ƙofar kuma ta rufe a bayansa. Da an wanke da sabulu da ruwa mai yawa, an zo ranar, da ƙwayoyi kawai za a ba mu. Sannan ta tambaya ko an taka kyanwar ne, ko an tsokane ta.

Kawu ya ce, "Hakanan kawai tac cije ta, likita. Shekara bakwai ba ta taɓa yi ba."

Na ga bironta ya tsaya. Ta ce, "Ina kyanwar take?"

"Mun kai ta ƙetare."

Ta ajiye biron. Sannan ta ce haukan kare ba kare kaɗai yake kamawa ba, yana kama kyanwa, kuma cizo babu dalili yana cikin alamominsa. Dabbar da ke ɗauke da shi a miyau ba ta wuce kwana goma a raye. Da an tsare ta ana ba ta abinci ana kallonta, da ita da kanta za ta ba mu amsa. Yanzu dole a fara wa Kaka allurar riga-kafi, a kuma kwantar da ita saboda hannun.

Ina jingine da bango. Maganar ta zo har bakina. Amma ga Kawu a tsaye, zan ƙaryata shi gaban baƙuwa, kuma buhun nan yana raina. Na sunkuyar da kai ina kallon wani tsagi a siminti har muka fita.

Makon farko ƙarin ruwa ne da allurai da wankin ciwo. In za a matse mugunyar, Kaka takan cusa bakin mayafi a baki don kada a ji ta. Allurar riga-kafin ba a same ta nan kusa ba, sai da Baba ya je Sakkwato ya kawo ta cikin kula da ƙanƙara. Ragon da Inna take kiwo don layya shi ya tafi a wannan makon. Jan layin ya fara ja da baya, amma manuniyar ta yi duhu.

Sai dai ba hannun ne ya fi kayar da Kaka ba. Maganar haukan kare ta riga mu isa dangi. Ita kuwa tana yarinya a Jabo ta taɓa ganin wani mutum da aka ɗaure a gindin tsamiya, in an kawo masa ruwa sai ya firgita. Kowa ya san wannan alama. Don haka duk wanda ya zo dubiya, daga Dogon Daji ko Sanyinna ko Kebbe, bayan gaisuwa sai ya ɗauki kofi ya miƙa mata. Ba fuskarta suke kallo ba, maƙogwaronta suke kallo. Na lura, ita ma ta lura. Ranar Talata ta sha ta ƙware, ta yi tari kamar yadda kowa yake yi. Wata gwaggonmu ta jawo ɗanta baya. Daga ranar Kaka ta daina karɓar kofi.

Leɓenta ya tsattsage. Ta hana ni sa hannu a kwanonta, ni da tun ina rarrafe tare muke ci. In na matso sai ta ce, "Tsaya can, ɗiyata, ban san abin da nika ɗauke da shi ba." Ta fara gaya wa Inna wanda za a ba tasoshinta, da cewa a Kebbe take so a rufe ta. Likita ta ce ba ciwon nan ba ne, tsoro ne, amma tsohuwar da ba ta sha ba ta ci a wannan zafi, ƙarin ruwa kaɗai ba zai riƙe ta ba.

Ni kuwa kullum sau biyar ko shida nake zagawa bayan ɗakin girki da nonon akuyar maƙwabta. Ranar Laraba ƙaramin cikin 'ya'yan kyanwar ya mutu, cikinsa ya yi tauri kamar goriba. Ina tona rami gindin zogale Inna ta same ni. Ta kalli kwalin, ta kalle ni. Na gaya mata komai, daga ƙarƙashin rumbu har ɗakin likita.

Ba ta doke ni ba, da ma ta doke ni. Ta zauna a kan turmi ta ce, "Ke kam, shirunki ya kusa kashe mini uwa."

Washegari ta kama hannuna har gaban likita, ta ce in maimaita da bakina. Na faɗa. Likita ba ta yi faɗa ba. Ta ce uwar da aka zura wa hannu a kan 'ya'yanta, cizonta yana da dalili, kuma wannan ya rage mata damuwa ƙwarai. Allurar dai za a ci gaba, amma a nemo kyanwar. Ta tambayi yadda nake ciyar da su, ta ba ni sirinji marar allura. Ta kuma gaya mini abin da ban sani ba: ɗan kyanwa ƙarami ba ya iya fitsari ko kashi da kansa, sai uwar ta lashe masa ciki. In babu uwa, sai a shafa da tsumma mai ɗumi bayan kowane ci. Abin da ya kashe na farkon ke nan.

Da aka gaya wa Kaka, sai ta juya ta fuskanci bango. Ta ce lallashinta muke yi. In mussar tana da rai, a kawo ta ta gani da idonta.

Kawu da ya ji, ya daɗe riƙe da hularsa a hannu. Ya hau babur ya koma Kebbe, ya yi kwana uku yana bin ƙetaren gulbi yana kiran mus-mus cikin gonaki. Masu ban ruwa a fadama har sun gane shi, suna tambayarsa ko ɓera ne ya kore shi daga gida. Bai same ta ba.

Baba ne ya faɗi abin da ya buɗe mini ido, ba tare da ya sani ba. Yana cin tuwo ya ce Sani daji yake bi, alhali kyanwa ba ta daji ba ce yanzu. Ba kamar akuya ba ce da mutum ya kamo ya ɗaure. Tun zamanin da mutane suka fara tara hatsi, ɓera ya bi hatsi, ita kuma ta bi ɓera ta shigo da ƙafarta, shi ya sa har yau ba ta da igiya. In an yar da ita, inda hayaƙi da abinci suke za ta nufa.

Sai na tuna da Hajo, Bafillatanar da ke kawo wa Kaka nono. Da rani rugarsu a fadamar ƙetare take sauka. Wannan karon ban haɗiye ba. Na ce, "Baba, a tambayi Hajo."

Ranar Litinin, kwana goma sha ɗaya da cizon, Kawu ya ɗauke ni a babur, kwalin yana cinyata. Mun sami Hajo tana wankin ƙorai. Na kwatanta mata kunnen da ƙafar. Ban taɓa yin doguwar magana haka da babba ba. Ta tuntsire da dariya ta ce, "Ɓarauniyar kindirmo? Ashe ta tsohuwa ce. Kwana biyar ke nan muna jifarta, ta ƙi barinmu." Ta ce ba ta yarda kowa ya matsa, tana cikin tarin kara bayan garke.

Kawu ya fara kwance buhu. Na ce masa a'a. Na ari kwando mai murfi wurin Hajo, na ajiye kwalin a inuwa kusa da karan, muka ja baya. 'Ya'yan ban ba su komai ba tun safe, don haka suka yi ta kuka. Mun jima sosai, har Kawu ya fara duba rana. Sai ga kunnen nan yagagge ya ɓullo. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Ta taho ciki a ƙasa, tana tsayawa, tana kallonmu. Ta shinshina su, ta yi wani gunji ƙasa-ƙasa da ban taɓa ji ba, ta hau lasarsu tana juya su kamar waina. Da na mayar da su cikin kwandon, da kanta ta shiga.

Ba a shiga da kyanwa ɗakin marasa lafiya. Washegari da hantsi aka tallafo Kaka zuwa baranda, Kawu ya ajiye kwandon gindin darbejiya. Na buɗe murfin, na zuba ruwa a marfin kwano. 'Yar Jabo ta fito da rabin jiki, ta duba hagu da dama, ta sunkuya tana lasa. Ana jin ƙarar harshenta. Kaka tana ƙirga kwanaki da yatsun hagu, leɓenta yana motsi, ta kai sha biyu. Ta sake ƙirgawa daga farko.

Sannan ta ce, "A ba ni ruwa."

Akwai 'yan dubiya uku a wurin. Inna ta ce musu kowa ya kalli gabas. Ni ma na juya. Da kunne na ji ta shanye kofi, ta nemi wani.

Da ma a ce nan labarin ya ƙare. A mako na uku aka yanke manuniyar, ciwon ya riga ya kai ƙashi. Buhunan waken Kawu su suka bi ragon Inna. Ɗan kyanwa na biyu ma bai yi rai ba, domin nonon uwar ya kusa ƙafewa kuma shi ya riga ya galabaita. Ɗaya ta rage, mace. Kaka ta cika allurarta, aka sallame mu bayan mako uku da 'yan kwanaki.

Ina gode wa likitar nan da ba ta daka mini tsawa ba, da ma'aikaciyar jinyar da take sa wa Kaka hira lokacin wankin ciwo, da Hajo da ta ƙi karɓar kwandonta. Amma har yanzu in na tuna masu miƙa kofi raina yana ɓaci. Sun zo daga nesa, sun kawo fura da lemo, na sani. Su ne kuma suka hana ta sha. Kawu ma ina jin haushinsa wani lokaci, sai in tuna shi tsoron alhaki ne ya sa shi ɗaukar buhu, ni kuwa tsoron magana ne ya sa ni kallon siminti.

Duk wanda kyanwa ta ciza, ko hudar ba ta kai ƙwayar gero ba, a wanke da sabulu a yi ta zuba ruwa, a tafi asibiti ranar. Kada a shafa toka a rufe. Kyanwar kuma kada a yar da ita, a tsare ta a ɗaki da ruwa da abinci har kwana goma. Kuma a durƙusa a leƙa inda abin ya faru. Mu da wani babba ya leƙa ƙarƙashin rumbun nan ranar Alhamis, ko da ni na buɗe baki ranar Asabar, wataƙila da Kaka tana da yatsunta goma.

Mun koma Kebbe saura kwana huɗu a koma makaranta. 'Yar Jabo ta ɗauki 'yarta a baki ta mayar ƙarƙashin rumbu, kamar ba abin da ya faru. Kaka ba ta ce a kore ta ba. Amma ba ta ƙara kiranta ba. In ta gifta kusa da tabarma, sai Kaka ta ja hannun dama ta sa cikin mayafi. Carbi ma ya koma hagu. Ni ce na wanke kaskon na tayar da shi, ni ce nake zuba ruwa kowace safiya. Kaka tana gani, ba ta hana ni.

Ranar tafiyata, Kawu ya tayar da babur a ƙofar gida yana jirana. Na cika kaskon har baki. Na durƙusa gaban Kaka na yi mata sallama, ta sa mini albarka da hannun hagu. Na miƙe har na kai zaure, sai na dawo. Ta ɗaga kai ta ce, "Mi kuma, kyanwar Lami?"

Na ce, "Kaka, ban ce ki kira ta ba, ban ce ki taɓa ta ba. Don Allah dai, in kin zo shan ruwan safe, ki zuba mata nata. Kada ki bari a sake kife kaskon nan."